Waiwaye: Rubuta Abin da Idonka Ya Gani

Duk shekara idan zango na biyu ya kama a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, akwai darasin da yake tara 'yan aji ɗaya na ɓangaren kimiyya wuri guda, suna so ko ba sa so. Mai karanta aikin gona yana ciki, mai karanta ilimin ƙananan halittu yana ciki, balle wanda tun asali kemistiri ya zo yi. A takarda sunansa CHM 102, kuma haka yake a kusan duk jami'o'in ƙasar nan, tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke shata abin da za a koyar. Kafin a fara lakca akan fitar da 'yar takarda mai ɗauke da jerin darussa, da yadda za a raba maki, da sharuɗɗan da ɗalibi zai kiyaye. A zamanin nan, a yawancin jami'o'inmu, wakilin aji ne yake tura ta zauren WhatsApp. Yaro ya ja ta da babban yatsa, ya duba ranar tes, ya koma kallon ƙwallonsa.

Mu da muka riga su shiga wannan aji mun san takardar nan tun ana buga ta da sitensil, tawada tana kama yatsa. A lokacinmu babu jami'a a Dutsin-Ma. Sai a 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa ta cikin sababbin jami'o'in tarayya guda 9, ta jiha da ke Katsina ma sai 2006 ta samu. Ɗan Kurfi ko ɗan Dutsin-Ma da ya fito sakandare da sakamako mai kyau a kimiyya, akwatinsa na ƙarfe zai ɗaure, a haɗa masa ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan garin rogo, ya hau mota sai Zariya ko Kano ko Sakkwato. Hanyar da manyanmu suka bi ke nan. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya shiga firamaren kwana a nan Dutsin-Ma a 1962, sai da ya bi ta Keffi da Barewa kafin ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1972 ya karanta ilimin koyarwa da kemistiri, ya kuma koma a 1978 neman digiri na biyu a fannin tantance sinadarai. Kafin ya zama gwamna a 1999, kafin ya zama shugaban ƙasa a 2007, malamin kemistiri ne mai alli a hannu. Yau ga jami'a a bakin ƙofa, yaro zai iya karya kumallo a Kurfi ya riski lakcar hantsi. Wannan ni'ima ce, kuma ba mu raina ta ba.

Tsararmu ce ta faɗa cikin sauyin tsari. A 1989 NUC ta fitar da ma'aunin da kowace jami'a za ta tsaya a kai, tsarin samista ya zauna, kowane kos da lambarsa da nauyinsa. Yayyenmu sun saba da babbar jarrabawa ɗaya a ƙarshen shekara. Mu kuwa aka ce mako 15 na karatu, sai jarrabawa, wanda ya faɗi ya ɗauki kari-oba ya sake zama da ƙannensa baɗi. Da yake abin sabo ne, malamai sun ɗauke shi da muhimmanci, shi ya sa takardar sharuɗɗa take da daraja a idonsu.

Malaminmu na kemistiri a zango na biyu, Allah ya ji ƙansa, bai koyar da komai ba a ranar farko. Ya shigo da damin takardu, ya sa aka raba, ya tsaya ya karanta mana ita daga sama har ƙasa, yana ɗaga kai bayan kowane layi ya ga ko mun ji. Wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na darussa ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Maki 30 na tes ne da aikin gida, 70 na jarrabawa. Daga 70 zuwa sama shi ne A, wanda ya gaza 40 ya faɗi. Wanda ya rasa tes ba a sake yi masa sai da takardar likita ko shaidar rasuwa a gida, kuma ya kawo da wuri. Ba a shiga ɗakin gwaje-gwaje sai da farar riga da takalmi rufaffe. Wanda aka kama da satar amsa, ba shi za a roƙa ba, kwamiti ne zai zauna a kansa. A nan ya tuna mana cewa dokar soja ta 1984 ɗaurin shekara 21 ta yanke wa mai satar jarrabawa. Daga baya, a 1999, an sassauta hukuncin, amma a ranar dai ajin ya yi tsit.

Duk waɗannan suna nan har gobe, kusan kalma da kalma, a takardun da ake tura wa 'ya'yanmu. Abin da ya ɓata shi ne bayan takardar. Da Malam ya gama sai ya ce mu juya ta. A can ya jera abin da shi ma ya ɗaukar wa kansa. Zai shigo aji ƙarfe 8. In ya yi minti 15 bai iso ba mu tashi, darasin ya zama bashi a kansa, zai biya ranar Asabar. Takardun tes zai dawo mana da su cikin mako 2 da jan biro a jiki, kowa ya ga inda ya kauce. Ofishinsa a buɗe yake ranar Laraba bayan azahar ga duk mai tambaya. Ba ya sayar da handawut, littattafan da ya zaɓa suna laburare. Ƙarshe ya sa hannu a ƙasa, ya ce mu ma kowa ya sa nasa ya ajiye. "Ku riƙe ni da wannan," in ji shi, "ni ma zan riƙe ku da wancan." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mun ga haka da idonmu: ba a taɓa jin wani ya yi ƙorafin tsananinsa ba, domin shi ya fara tsananta wa kansa.

Sharaɗin halarta shi ne yara suka fi jin haushi, jiya da yau. Suna ganin mugunta ce kawai, tun da mutum zai iya aron littafin abokinsa ya kwafe. Amma zango na biyu ba irin na farko ba ne. A na farko, yawanci abin da aka taɓa a sakandare ake zurfafawa: ƙwayar zarra, lissafin mol, dokokin iskar gas, asid da kishiyarsa. Mai ƙwaƙwalwa yakan lallaɓa ya wuce ko da ya yi wasa. A na biyu kuwa ana shiga duniyar kabon, kuma a can kowane mako a kan na baya yake tsaye. Makon farko ka koyi yadda kabon yake kama hannu huɗu. Na biyu ka koyi raɗa wa sinadarai suna bisa yawan kabon da ke jikinsu. Daga nan a shiga dangi-dangi: wanda yake cikin gas ɗin girki, wanda yake cikin fetur da kalanzir da kyandir, wanda masu walda suke samu idan sun zuba wa kabaid ruwa, wanda yake ba nono tsami, wanda yake ba ayaba ƙamshi. Yaron da ya tafi biki a makon suna, idan ya dawo zai tarar ana magana da yaren da bai iya ba. Daga nan sai hadda, hadda kuwa a wannan fanni ba ta kai mutum ko'ina, don sinadaran kabon da aka sani sun haura miliyoyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina son darasin farko na wannan kos har yanzu, saboda yana da alaƙa da kowane manomi a ƙasar Katsina. Da can masana a Turai sun ɗauka abin da jikin mai rai yake sarrafawa ba ya yiwuwa a haɗa shi a kwalba. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, yana dafa wani gishiri da bai fito daga jikin dabba ko tsiro ba, sai ya ga wani abu fari kamar ƙanƙara ya fito, da ya bincika ya tarar irin sinadarin da ke cikin fitsari ne. Ba shi ya je nema ba, amma abin da ya gani shi ya rubuta. Wannan sinadari shi ne yuriya, takin da muke sayowa buhu-buhu a kasuwar Dutsin-Ma idan damina ta faɗi, mai lamba 46 a jiki, wato kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne. Da Malam ya faɗi haka, mu 'ya'yan manoma sai muka gyara zama.

Sai dai asalin karatun a ɗakin gwaje-gwaje yake, awa 3 a kowane mako. A can akwai wani dattijo mai kula da kayan aiki, kowa Baba yake ce masa, har Malam. Shi yake tsayawa bakin ƙofa yana duba mu ɗaya bayan ɗaya. Mai silifa ya koma. Mai babbar riga ya tuɓe ta ya rataye. 'Yan mata su cusa gefen mayafi cikin farar riga, don harshen wuta ba ya sallama. Ba a ci, ba a sha, ba a ɗanɗana komai, ba a kai hanci bakin kwalba sai dai a kaɗo iskar da tafin hannu. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, in ba haka ba ya tafasa ya fantsamo fuska. Wanda ya fasa kwalba ya faɗa, a rubuta, ba za a kashe shi ba. Wanda ya ɓoye shi ne mai laifi. Sannan ga dokar littafin lab, wadda Baba da Malam suka fi tsanantawa a kanta fiye da komai. Littafi mai ɗinki, ba mai zare shafi ba. Da biro ake rubutu, ba fensir. Kwanan wata a saman kowane shafi. Ana rubutawa a tsaye a gaban aikin, ba a ɗaki da dare ba. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta shi, ka rubuta daidai a gefe. Ba a yage shafi. Kafin ka fita Baba ya sa hannu.

Wata rana aka ba mu wani farin gari, asid ɗin benzoyik, an cakuɗa shi da datti, aka ce mu tsarkake shi. Aikin ba wuya a faɗe. Ka narkar da shi a ruwan zafi, ka tace da zafinsa ta takardar tacewa a cikin mazurari, ka ajiye ya huce. Yana hucewa sai ka ga wasu siraran allurai farare suna fitowa cikin ruwan, suna kama juna har su cika gindin kwalba. Ka sake tacewa, ka shanya su. Sannan ka ɗura kaɗan a wani siririn bututun gilashi da bai fi tsinken sakace kauri ba, ka ɗaure shi jikin ma'aunin zafi, ka tsoma a mai, ka riƙa ɗumamawa a hankali, idonka a kan garin, har ka ga ya fara jiƙewa ya zama ruwa. Lambar da ma'auni ya nuna ita za ka rubuta. Kowa ya san littafi ya ce tsarkakakken benzoyik a digiri 122 yake narkewa. Abin da da yawa ba su kula ba shi ne, in da sauran datti ko laima a jikinsa, yakan narke kafin nan, kuma ba a lokaci ɗaya ba.

Lokaci ya ƙure, magariba ta gabato, wasu ba su jira garin ya bushe ba. Da aka tara littattafai, sai ga 122 ta cika shafuka, cif-cif, kamar an buga hatimi. Wata 'yar ajinmu, mutuniyar ƙasar Kurfi, mai ƙarancin magana, ita ta rubuta cewa nata ya fara narkewa a 116 ya gama a 119. Mako na gaba Malam ya shigo da littattafan a hammata, ya ɗaga nata.

"'Yata, me ya sa naki ya narke da wuri?"

Ta miƙe, muryarta na rawa. "Allah gafarta Malam, ina jin bai gama bushewa ba. Na rubuta haka a ƙasa."

"Na gani. Zauna."

Ya juyo ga sauran, ya ce duk wanda ya rubuta 122 ya ɗauko garinsa daga wurin Baba a sake aunawa a gabansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kaɗan ne nasu ya kai. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Cewa ya yi: "Lambar nan 122 tana cikin littafi tun ba a haife ku ba. Ba ita na aike ku ku nemo mini ba. Na aike ku ku gaya mini abin da ke cikin kwalbarku." Ita ta samu maki mafi yawa a wannan aiki, da lambar da ba ta yi daidai da ta littafi ba.

Idan na tuna dokokin nan sai marina ta faɗo mini a rai, domin da wuya ka sami tsohon garin Hausa da ba a yi rini a cikinsa ba, kuma ta Ƙofar Mata a Kano tana nan tana aiki. Marini yakan zuba baba da toka da katsi a rami, ya bar su su ruɓa kwana da kwanaki, kullum da safe a motsa da muciya. Yaron da aka kai koyon sana'a ba a ba shi zane ya tsoma sai ya daɗe yana motsa ramin, ya san kumfarsa, ya san warinsa, ya san ranar da ya nuna da ranar da ya mutu. In ya yi fashin kwana biyu, ramin da kansa zai tona masa asiri. Zane yakan fito daga ramin kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi a kan idonka, kuma abin da ke faruwa a nan shi ne dai abin da ake zana wa ɗalibai a allo da kibiyoyi. Kakanninmu sun iya halarta, sun iya lura, sun iya haƙuri. Abu ɗaya ne ba su yi ba: ba su rubuta ba. A can Jamus kuwa, Adolf von Baeyer ya gano ƙirar sinadarin shuni a 1883, kamfanin BASF ya shafe shekaru yana gwaji yana faɗuwa, har ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897. Ana ba da labarin cewa wani mataki mai muhimmanci a aikin ya samu ne ranar da ma'aunin zafi ya fashe a cikin tukunya, ruwan zaiba ya zube ciki, sai aikin ya yi sauri. Da mai aikin ya share ya yi shiru don tsoron faɗa, da an wuce wurin. Shunin kwalba ya cika kasuwannin duniya, ramukanmu suka riƙa cikewa da shara ɗaya bayan ɗaya, tsoho ya tafi da abin da ya sani a ƙirjinsa.

To yau fa? Ba na cikin masu cewa yaran yanzu sun lalace. Yaran yanzu sun fi mu ganin duniya, kuma wahalar da suke sha ba mu sha irinta ba. Mu muna da yawan da Malam zai iya sanin fuskokinmu. Su kuwa a jami'o'i da dama ɗaruruwa ne a zaure ɗaya, na baya ba ya jin na gaba, takardar halarta tana yawo mutum ɗaya ya sa wa abokansa biyar hannu. A lab mutum goma sha suna kewaye da kwalba ɗaya, biyu suna aiki, saura suna leƙe ta kafaɗa. Wani ma tun daga sakandare bai taɓa riƙe bututun gwaji ba, a allo aka zana masa firatikal, ko kuma ya rubuta jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu inda ake amsa tambayoyin gwaji a takarda ba tare da an taɓa komai ba. Ranar miƙa rahoto sai a nemo na 'yan bara a kwafe, ko a tambayi manhajar waya ta rubuto shi tsaf cikin minti ɗaya, da lambobi masu kyau irin na littafi. Idan ba a ba yaro abin da zai gani ba, da wane baki za a ce masa ya rubuta abin da ya gani?

Ga kuma abin da ya fi ƙarfin malami da ɗalibi duka. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya ci wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Duk lokacin da aka dawo ana gudun cike giɓi, mako 15 yakan tsuke, kuma abin da ake fara yankewa shi ne awa ukun nan na lab. Ga matsalar tsaro da ta addabi yankinmu. A watan Oktoba na 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata 5 na jami'ar daga gidan da suke haya a cikin garin Dutsin-Ma. Uban da ke wani ƙauye a ƙasar Kurfi, idan ya ji hanya ba lafiya ya hana 'yarsa fita, ba za a ce ya yi laifi ba. Takardar Malam ta yi tanadin ciwo da rasuwa, don su ne uzurin zamaninsa. Ta yau ya kamata ta yi tanadin hanya, a rubuce, da ranar ramuwar lab ga wanda ya rasa, don kada abin ya koma sai wanda ya san wani. Sassauci a kan uzuri na gaskiya ba ya karya doka. Abin da ke karya ta shi ne a bar sharaɗi a takarda kowa ya san ba a bin sa.

Wani zai ce, duk wannan a kan lamba ɗaya a littafin ɗan aji ɗaya? Mu tuna inda yaran nan suke zuwa. Su ne gobe za su zauna a ɗakin gwajin jini na asibiti. Su ne za su auna alif da kilorin da ake zuba wa ruwan madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, kafin ya shiga famfo. Su ne za su duba ko takin da ke cikin buhu ya kai abin da aka rubuta a bayansa, su ne kuma za su koma sakandarorinmu da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su koyar da na baya. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara suka riƙa suma suna mutuwa, har aka rasa sama da 400. Alamomin sun yi kama da cututtukan da aka saba gani, kuma da an tsaya a kan abin da aka saba, da an ci gaba da ba da maganin da ba shi ba ne. Sai da aka auna jinin yaran da ƙasar tsakar gidajensu aka ga gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida. Dalmar nan tana cikin jerin darussan CHM 102, a rukuni ɗaya da kabon da kuza, cikin makonnin ƙarshe da aka fi yin fashinsu. Wanda ya saba tun yana aji ɗaya ya rubuta lambar da ake so a gani, ranar da jinin ɗanka ya zo gabansa ba sabon hali zai aro ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ban ce sai an kawo injuna na miliyoyi kafin a gyara ba. Asusun TETFund ya yi gine-gine a manyan makarantunmu, Allah ya saka, sai dai gini ana yanke masa ƙyalle a gaban 'yan jarida, kwalbar asid da takardar tacewa da gas da ruwan famfo kuwa ba mai ɗaukar hotonsu, ga shi su ne suke ƙarewa duk zango. A kasafin kowace tsangaya ya kamata su sami layinsu da ba a taɓawa. Sannan sabon tsarin karatu da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta daidai da buƙatun yankinta. Yankinmu kuwa cike yake da kayan gwaji masu araha. Kanwa gishirin sodiyam ce. Ruwan tokar da iyayenmu mata suke tacewa daga karan dawa fotash ne, kuma idan suka dafa shi da mai ya zama sabulu, sun yi aikin da ke cikin babin esta, dangin sinadarin nan da ke ba ayaba ƙamshi, ba tare da sun ji sunansa ba. Bagaruwar majema tana nan, man gyaɗa yana nan, ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa yana nan yana jiran a auna kalsiyam ɗinsa. Ba littafin da ya rubuta adadin da za a samu a kanwar da aka sayo jiya a kasuwa, don haka ba inda yaro zai kwafo amsa. Dole ya auna.

Ga 'yan'uwana malamai, roƙona ƙarami ne. Ku ba da ranar farko ga takardar nan, ku karanta ta da bakinku a gaban aji, ku kuma cika bayanta da abin da kuka ɗauka wa kanku, ku sa hannu. Kuma idan yaro ya kawo lambar da ta kauce ya faɗi dalili, ku ba shi makinsa a gaban jama'a, don saura su gani.

Ku kuma iyaye, na Kurfi da na Dutsin-Ma da na ƙauyukan da ke tsakani, idan yaro ya dawo hutun ƙarshen zango kada tambayarku ta tsaya a kan ko ya ci. Ku ce ya kawo littafin lab. Ba sai kun iya Turanci ba. Ku duba ko akwai kwanan wata a shafuka, ko akwai sa hannun mai kula da ɗakin, ko akwai inda aka ja layi aka gyara, ko akwai ɗigon wani abu da ya ɓata takarda. In kun ga haka, yaronku ya tsaya gaban wuta da kwalba, ku sa masa albarka. In kun ga littafin fes, babu gyara ko ɗaya, ku zaunar da shi ku tambaye shi inda ya samo lambobin. In kuwa ya ce ba a shiga lab ba sam a zangon, to ba shi za ku yi wa faɗa ba. Ku shirya ku je makarantar ku tambayi dalili, kuna da wannan haƙƙi.